Sunaye Uku da Kwamfuta Ta Ce Ba Ta Sani Ba

Ina shekarata ta biyu a wani ofishin aikin gona a Funtua aka kawo na'urar tef. Ƙarshen shekarun tamanin ne. Aikina shigar da bayanan gonakin gwaji cikin kwamfuta: ruwan da aka yi a Dandume, irin audugar da aka shuka, abin da aka girbe. Ita kaɗai ce kwamfutarmu, in ta lalace aikin damina uku ya bi ruwa. Don haka aka sayo tef ɗin, a riƙa kwafewa ana adanawa.

Mai kula da injuna wani dattijo ne da kowa ke ce wa Injiniya. Ya daɗe yana gyaran janareta da rediyon oba-oba, kuma ya sa rai shi za a tura Kaduna koyon kwamfuta. Sai aka tura ni, 'yar malamin coci daga Malumfashi, wadda keken rubutu kawai ta iya. Tun daga nan gaisuwata da ka yake amsa ta.

Shi ya buɗe kwalin, ya jona wayoyi, ya jefo mini faifai ɗaya a kan tebur.

"Ga shi nan, 'yar Kaduna. Saura naki."

A faifan akwai ɗan shirin da ake kira direba, wanda ke shiga cikin uwar tsarin kwamfuta ya koya mata magana da sabuwar na'ura. Na ɗora shi, ta ƙi karɓa. Ta rubuto sunaye uku, ta ce direban yana kiransu amma ita ba ta san inda suke ba. Na kashe na kunna, na sake ɗorawa. Sunayen nan dai.

Kafin azahar Injiniya ya kai wa shugaban sashenmu, wani Alhaji mai gudun rigima, cewa na goge wani abu a cikin kwamfutar. Washegari na sami takardar tuhuma a kan kujerata. Masinja ma ya daina shigo mini da fayil, sai ya ajiye a bakin ƙofa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na sa kwamfutar ta buga mini duk sunayen da uwar tsarin ta sani. Takardar ta yi tsawon tabarma biyu. Na shimfiɗa ta a ƙasa, na bi da rula layi-layi, kwana biyu. Babu ko ɗaya daga cikin ukun. Na duba faifan asali da kwamfutar ta zo da su, waɗanda ba a taɓa rubuta komai a kansu ba, can ma babu. Ke nan ba gogewa aka yi ba, dama ba su taɓa zama a ciki ba.

Sai na lura ukun duk da harufa iri ɗaya suka fara, kamar 'yan gida ɗaya. Na juya faifan direban. Ma'ajiyarmu ta manna masa lambar kaya a kusurwa. Na ɓamɓare ta da farce, a ƙarƙashi an rubuta shi ne na biyu cikin biyu.

Na sami Injiniya a ofishin Alhaji, suna tare.

"Injiniya, faifai nawa ne a kwalin nan?"

"Tuhumata kike yi?"

"Tambaya nake yi, ranka ya daɗe. Akwai na farko. Shi ke ɗauke da sunayen nan, sai an fara ɗora shi na biyun zai shiga."

Ya dubi Alhaji, bai dube ni ba. "Ɗayan safaya ne, na ko-ta-kwana. Na kulle don kada yara su lalata."

Alhaji ya sa aka ɗauko. Na ɗora na farko, na bi da na biyu, tef ya fara juyawa. Can Alhaji ya ce mu yi haƙuri da juna, shaiɗan ne. Na tambaye shi takardar tuhumata fa, ya ce za a duba. Har na bar wurin tana cikin fayil ɗina.

Ban sani ba ko Injiniya ya san amfanin faifan ya ɓoye, ko da gaske ya ɗauka safaya ne. A lokacin ban yi masa uzuri ba, yanzu ma ban cika yi ba. A satin ya canza kwaɗon ɗakin kwamfuta. Kullum da safe sai na tsaya a baranda, da jakata a hannu, har ya gama shayinsa ya zo ya buɗe. Haka muka yi shekara guda, sannan na nemi canjin wurin aiki zuwa Malumfashi, aka ba ni.