Shekarar da aka ƙwace mana lambobi

Na gama lakol, wato makarantar boko, a shekarar da damina ta yaudare mu, sojoji kuma suka hau mulki. Aiki babu, sai na zauna a siber, wato shagon intanet, na wani Alhaji kusa da tashar Matameye, ina buɗe wa mutane odinata, wato kwamfuta. Yawancin masu zuwa mata ne da mazajensu suka tafi ci-rani Libiya. Kiran waya ya fi ƙarfinsu, a wurinmu kuwa suna jin muryar namiji a arha.

Akwai wata 'yar Dungu da nake kira Yaya. Mijinta ya bar mata san huɗa guda, ya ce kada a sayar sai da bakinsa. Ciyawa ta ƙare, haƙarƙarin san ya fara fitowa. Ita da mijin suka yi alkawarin magana a wurinmu ranar kasuwa, ta nemi izinin sayarwa.

Ranar da ta zo, rezo, wato layin intanet, ya ɗauke. Na zaci wuta ce ko waya, na yi ta jijjiga akwatin da ke kawo layin. Da mai gyara ya zo daga Damagaram, ya ce in daina wahalar da kaina. Kowace na'ura sai da lamba take shiga intanet, kuma akwai hukuma a wata ƙasa mai raba lambobin. Kamfanin da ke ba mu layi ya karɓi nasa da sharaɗin zai yi wa garuruwanmu aiki da su, sai ya ba wasu 'yan ƙetare hayar mafi yawa. Hukumar ta bincika, ta gargaɗe shi, ya yi kunnen ƙashi, ta janye lambobin duka, har da ɗan abin da ya rage mana.

Na tambaye shi ko wani daga hukumar ya taɓa tambaya su wa ke amfani da ragowar. Ya yi dariya, ya ce doka ce.

Doka ce, na yarda. Mai kamfanin ɓarawo ne, wannan ma na yarda. Amma shi yana Yamai cikin sanyin ofis, bulalar hukuncinsa a bayan Yaya ta sauka. Alhaji ya ce in rage murya, zamanin soja ne, ba a ƙorafi. Na ce ai ba soja na zaga ba.

Yaya ta yi ta dawowa kowace kasuwa da ƙafa. Na ce mata ta sayar kawai, ta ce:

"Ƙanwata, ke ba ki da miji. In ya dawo ya tambaye ni sansa, in ce masa lamba ce ta ɓace?"

Da ta haɗa kuɗin kiran waya ta samu mijin, ya ce ta sayar. A lokacin san ba ya iya tashi. Mahauta suka je har gida da amalanke, suka ba ta kuɗin akuya.

Layi ya dawo bayan girbi, daga wani kamfani. Yaya ba ta sake shigowa ba.