Ranar da Wanke-Kwano Ya Sandarar da Kwamfuta

A ofishin masu rubuta manhaja da ke hawa na biyu, har yau in kwamfuta ta sandare sai a waiwayi Wanke-Kwano. Shi kuwa bawan Allah sai ya hau goge tabarau.

Sunan ya samo asali ne daga wa'azinsa. Shekara da shekaru yana aiki a can cikin zuciyar tsarin kwamfuta, inda ake haifar 'yan ƙananan ayyukan da suke kira zare. Kowane zare akan yanka masa ɗan fili a ƙwaƙwalwar na'ura, in ya gama a karɓe a ba wani. To shi mutum ne mai tsabta, ko cokalin shayi ba ya bari a kan tebur. Kullum faɗi yake, "Wanda ya ci, shi ke wanke kwanonsa." Da aka ba shi sabon aiki, sai ya tsara kowane zare ya mayar da filinsa da kansa kafin ya mutu.

Abin da ya sha masa kai, zaren yana tsaye a kan filin yake mayar da shi. Kafin ya ɗauke ƙafa an riga an ba sabon zare wurin, su biyu suna tattaka juna. Ranar gwaji, gaban shugaban kamfani da duk waɗanda ya saba yi wa wa'azi, allo ya ƙame ƙam.

Ba wanda ya ce masa uffan, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Da hannunsa ya gano ɓarnar, ya gyara: zare ya mutu kawai, wanda ya biyo baya ya kwashe kayansa. Amma bakin wa'azi ya mutu. Ya daina shiga ɗakin shayi. A gida ma uwar 'ya'yansa ta tambaye shi ko haƙori ne ke ciwo.

Da shirun ya yi yawa, Dogo, abokin teburinsa, ya dire masa kofi a gaba.

"Yaya, mun yi kewar wa'azi fa. Zarurrukanka sun koyi wanke-wanken kuwa?"

Wanke-Kwano ya ɗan jujjuya kofin, kansa a ƙasa.

"Ka bar ni da abin da ya ishe ni, Dogo. Da furfurata sai da na'ura ta koya mini gawa ba ta yi wa kanta wanka."