Sunan da Iya ta faɗa wa kwamfuta a Gashuwa

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun tamanin, ina koyar da Turanci a Nguru, abokina kuma yana aiki a wani ofishin noman rani a Gashuwa. Ofishin yana da kwamfuta, ita ce ta farko da na taɓa gani, har takalmi na cire kafin in shiga ɗakin. Littafin bayaninta Turanci ne zalla, ga kauri, sai abokina ya ce in riƙa zuwa ƙarshen mako muna rubuta bayanin umarninta da Hausa saboda sauran ma'aikata. Da ma ni ga son a ce na iya, na amsa nan take.

Wata Asabar muka iso kan wani umarni da ke zuwa a shirye cikin harshen na'urar, aikinsa nema. Ka ba shi jerin abubuwa, ka faɗa masa abin da kake so, ya gaya maka a gurbi na nawa yake. In babu, ya ba ka sifili. Na rubuta haka a layi biyu, na ajiye biro ina hura hanci.

Abokina ya karanta ya ce, "Malam, ba ka gama ba. Abin nan da ya ci karo da na farko yake tsayawa. Rubuta yadda za a ce masa ya ci gaba daga gurbi na gaba."

Na ce, "Haba mutumina, wanda ya samu abin da yake nema, me kuma zai ci gaba da nema?"

Ya ce, "A ƙasar nan da rabin maza sunansu ɗaya?" Na rubuta dai ina gunaguni, don kawai ya bar ni in je in ci kifina.

Da damina ta yi nisa, ruwa ya ci wasu ƙauyuka ta wajen Dagona. Aka kwashe mutane cikin kwale-kwale aka rarraba su makarantu, ofishin kuma ya zuba sunayensu a na'urar, kowa da shekarunsa da sunan mahaifinsa da ƙauyensu da inda aka sauke shi. Ranar da na zo abokina ya fita karɓo sababbin sunaye, ya bar ni da janareta yana ta kuka.

Sai ga wata dattijuwa, zaninta duk laka. Ta ce ɗanta take nema, masunci ne, tun daren da ruwa ya shigo ba ta sa shi a ido ba.

Na ce, "Sannu Iya. Yaya sunansa?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Babban ne."

Nan na gane ɗan fari ne, kuma uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Na tambaya ko da wanda ya rako ta, ta ce ita kaɗai ce. Ta ba ni laƙabin da take kiransa da shi, na buga, sifili. Wallahi tausayinta ya kama ni. Na ce, "Iya, ki yi haƙuri, abin nan bai san kunya ba. Sai da sunan yanka."

Can ta ja mayafi ta rufe baki, ta faɗi sunan a hankali kamar mai taɓa garwashi.

Na buga, ya fito! Amma da na karanta, wani dattijo ne daga wani ƙauye daban. Ta girgiza kai, ta dafa gwiwa za ta tashi, tana cewa, "Shi ke nan ɗana, Allah ya yi maka albarka." Na sa ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba, kuma a banza.

Idona ya faɗa kan takardar bayaninmu da ke manne a bango, ga layin nan da na rubuta ina gunaguni. Na ce, "Iya, tsaya!" Na bi shi kalma kalma, na sa na'urar ta ci gaba. Wani ya fito, ba shi ba ne. Na sake. Wannan karon ƙauyensu ne. Ban tambaye ta sunan mijinta ba, ni na karanta sunan mahaifin da ke rubuce, ita kuma ta ɗaga kai alamar e, hawaye na zuba. Ɗan nata yana wata firamare a nan cikin Gashuwa, da ransa.

Da abokina ya dawo na ba shi labari, bai ce na gaya maka ba. Dariya kawai ya yi, ya ce yau shi zai sayi kifin.

Tun daga ranar, in ina rubuta wa mutane bayanin wani abu, ba na jin ƙyashin layin ƙarshe, don ban san wa zai tsaya a kansa ba. Kuma har yau ina jin muryarta a bakin ƙofa, da ta juyo ta ce, "Malam, don Allah kada ka gaya masa na faɗa."

Ban gaya masa ba. Ku ma kun ga ban rubuta muku sunan ba.