Na kai ƙara, kara ta kayar da ni

Shekarun baya, ina gida Gazawa, maƙwabcinmu ya kafa injin niƙa a jikin katangarmu, daidai bayan ɗakin mahaifiyata. Aminin marigayi mahaifinmu ne, Baba muke ce masa. Daga hantsi har la'asar injin nan yana ruri. In aka zuba masa masara, kwanonin da ke kan gadonta har rawa suke yi.

Ba a yi wata biyu ba ta fara kukan kunnenta. Na kai ta likita, aka ce a raba ta da ƙarar tun kafin jin ya tafi. Na ce ta koma ɗakina can ƙurya. Ta ce ɗakin da mijinta ya gina mata, gawarta kaɗai za ta fita daga cikinsa.

Na sami Baba na durƙusa na roƙe shi. Ya ce, “Ɗana, abinci muke nema. Ku yi haƙuri, za ta saba.” Mai unguwa ma haƙurin ya ba ni. Sai na tafi meri, ofishin magajin gari, na shigar da ƙara. Na yi sawu ya fi a ƙirga kafin wani ma'aikaci ya ce zai zo ranar Laraba da na'urar auna ƙara, in ta wuce ƙa'ida za a sa a janye injin.

A nan na tafka wautata. Na ga bai kyautu a ce aminin ubana ya buɗe ido ya ga hukuma a ƙofarsa ba, ni ɗan mutunci. Ana gobe na je na shaida masa. Har albarka ya sa mini.

Da ma'aikacin ya iso, matan da ke layi da kwanonin masara babu ko ɗaya. Baba ya rage wa injin wuta, dusa yake zuba masa, injin yana ta gurnani a hankali kamar mage. Ya kashe shi ma don a gaisa, aka yi ta gaisuwa har aka gangaro kan damina da farashin wake. Da aka tayar, ma'aikacin ya shiga ɗakin ya ɗaga 'yar na'urarsa, lambobi suka ɗan motsa suka tsaya. Na ce masa, yadda muke kiran ma'aikata da Faransanci, “Mushe, wallahi ba haka yake kullum ba.” Ya ce shi abin da na'ura ta ji zai rubuta, amma bari ya tambayi mai ɗakin.

Baba yana tsaye a bakin ƙofa. Ma'aikacin ya ce, “Inna, ƙarar injin ga na damunki?”

Ta ja lulluɓinta, ta dubi ƙasa. “Lahiya lau, ɗana. Maƙwabci ne. Ba komi.”

Matar da jiya-jiya nake ɗiga mata magani a kunne tana hawaye. Na san ba za ta iya tozarta aminin mijinta a gaban baƙo ba, duk wanda ke wurin ma ya sani, har shi Baban. Ma'aikacin ya rubuta ya buga hatimi ya hau babur ɗinsa. Bai kai bakin titi ba aka dawo da masara.

Injin ya ƙara shekara uku a wurin, har Baba ya sami rumfa a kasuwa ya kwashe shi don kansa. Kafin nan kunnen hagu ya tafi, na dama saura kaɗan. Kiran salla sai an taɓa ta a kafaɗa.

Mun daɗe da shiryawa da Baba, muna gaisawa, muna zuwa sunan juna. Amma ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai har gobe. Na fi jin haushin kaina. Ita ta yi masa kara, ni na yi masa kara, shi ko sau ɗaya bai yi mana ba, kuma takarda ta ce shi ne mai gaskiya.

Yanzu in zan gaishe ta sai na kai bakina kunnenta na ɗaga murya iya ƙarfina. Rannan ina cikin yi mata ina kwana, sai ga muryar Baba ta bayan katanga: “Ɗana, a riƙa rage murya mana, har cikin gidana ana jin ka.”