Timothy Mai Jin Kukan Katako

A unguwar Tirkaniya ta Kaduna kowa ya san Baba Timothy kafinta, amma ba kowa ya san rabin rayuwarsa a bayan labule ta ƙare ba. Shekara talatin da ɗoriya yana haɗa wa 'yan wasan kwaikwayo dandamali: na coci lokacin Kirsimeti da Ista, na makarantu, daga baya kuma na masu ƙananan finafinai da kyamara ɗaya. Shi ke yi musu ƙofar da ba ta shiga ko'ina, da tagar da babu ɗaki a bayanta. Abin da ke ciyar da gidansa kuwa rufin kwano ne, ga shi gwiwoyinsa sun daɗe da gajiya da tsani.

Yana da ɗabi'a guda. Duk dandamalin da ya haɗa, ba mai hawa sai shi ya taka shi daga wannan kusurwa zuwa waccan, sannu a hankali, yana kasa kunne. Yakan ce katako ba ya karyewa sai ya yi kuka tukuna, mutane ne ba sa saurara.

Bara ne Phoebe, wata darakta 'yar Makera wadda ya gina wa ɗakunan fim ɗinta, ta zo shagonsa da labari. Za a yi bikin finafinai a wani ɗakin taro a unguwar Nasarawa, kuma alƙalai sun zaɓi aikinsa don kyauta. Cikin baƙi akwai Alhaji Zakariyya'u daga Kano, wanda zai ɗauki fim mai dogon zango a Kaduna, yana neman kafinta na shekara guda.

"Baba, aikin ƙasa ne, babu hawa tsani," in ji ta. "Kana karɓar kyautar sai in kai ka gabansa. Amma fa ƙarfe huɗu zai kama hanya, ba ya jiran kowa."

Ranar bikin matarsa Scholastica ta goge masa farin kaftani. Ta gan shi yana cusa guduma a jaka.

"Baban Charity, ajiye abin nan. Biki za ka ko rufi?"

"Ai ba ta cin abinci."

"Ajiye, na ce. Kowa da waya a hannu, kai da guduma?"

Ya ajiye.

A wurin taron matasa sai musayar lambar waya suke, ana ɗaukar hoto, kowa na ce wa kowa "Oga, sai mun yi magana." Timothy bai san yadda ake wannan ba. Ya sami kujera a layi na uku ya zauna, hannuwa a kan gwiwa. Dandamalin na haya ne, wasu ne suka kafa shi da safe. Mai gabatarwa na takawa ta gefen hagu sai Timothy ya ji abin da ya saba ji, kukan katako. Ya yi haƙuri. Aka sake takawa, kukan ya ƙaru.

Ya tashi ya gaya wa wani ma'aikacin wurin. Mutumin ya dubi furfurarsa ya yi murmushi.

"Baba, babu wahala, je ka zauna abinka."

Daidai nan aka sanar cewa duk waɗanda aka zaɓa su hau tare da manyan baƙi, a raba kyaututtukan gaba ɗaya. Timothy ya ƙirga mutanen da ido. Sun haura ashirin.

Ya zagaya ta baya, ya ɗaga labulen da ya rufe ƙasan dandamalin, ya rarrafa ƙarƙashi da farin kaftaninsa. Wata ƙafar dandamalin ta zame daga ƙusarta. Ya buga da dutse, ƙusar ta lanƙwashe. Sai ya mayar da ƙafar mazauninta, ya tokare ta da kafaɗa, ya dafe ƙasa. Takalma suka fara dira a samansa.

Daga can ƙasa ya ji an kira sunansa. Sau uku.

"Ko Baba ya tafi sayo katako ne?" in ji mai gabatarwa. Aka yi dariya. Ya ji muryar Phoebe tana ba da haƙuri, tana karɓa a madadinsa. Bayan nan jawabi ya biyo jawabi, na Alhaji ma ya fi kowane tsawo, kuma a gefen hagu ya tsaya.

Da mutane suka sauka, Timothy ya fito yana jan ƙafa, huɗu ta wuce. Phoebe ta same shi a bakin ƙofa, ta dubi rigarsa, ta dubi labulen, ta gane.

"Alhaji ya tafi, Baba. Kafin ya shiga mota ya tambayi wanda ya haɗa dandamalin nan mai ƙarfi haka. Aka ba shi lambar masu hayar."

Ta ce za ta kira shi ta yi masa bayani. Ya ce to. Ta kira sau biyu, ba a ɗauka ba.

A gida Scholastica ta karɓi kaftanin ta jiƙa. Kyautar allon katako ce mai sheƙi. Timothy ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya ce ba a bari itacen ya bushe ba, zai tsage kafin damina. Ya rataye ta a shago duk da haka.

Ranar Litinin ya jingina tsani a wani gida a Kakuri, ya daɗe yana kallonsa kafin ya hau. Tun daga lokacin ko coci zai je da gudumarsa a jaka, Scholastica kuwa ba ta sake hana shi ba.