Moton Tahir a Buhun Tattasai

Tahir ya zo gidana shekarar da aka hana hawan moto, wato babur, a Diffa. Daga Damasak ya ƙetaro kogin Komadugu, da tabarma da jakar kayan gyaran rediyo. Liman ne ya kawo shi, ya ce in ba shi ɗakin ƙofar gida, inda mijina marigayi Maina ya bar buhunan tattasai jibge, don su ma an hana fitar da su. Na ba shi saboda Liman. Tahir bai taɓa kwanta mini a rai ba. Ba ya kallon ido, gaisuwarsa kalma biyu.

Rediyo ke ciyar da shi, amma hankalinsa yana wani wuri. Yakan bi bayan ofisoshin masu agaji yana tsintar matattun kwamfutoci, ya cire wannan, ya jefar da wancan. Sabuwa ba ya so. Wai irin ta shagon wansa yake nema, wadda ake wasan tsere da ita kafin a ƙone shagon. Wata bakwai yana haɗa ta a cikin wani farin akwati da ya koma ruwan ƙasa.

Da ta tashi, sai magidanta suka fara zuwa bayan la'asar, duk tsofaffin 'yan kabu-kabu. Su shige, su ja ƙofa. Ina tsakar gida ina jin ƙugi kamar na inji.

Goggo Aliya, maƙwabciyata, ta leƙo ta katanga. "Ummusalma, ke dai sai tasbaha. Baƙo daga ƙetare, ga wayoyi, ga ƙofa a rufe. Ranar da jandarma suka zo, da ke za su haɗa."

Lokacin ana ta ɗaukar mutane, wasu har yau ba labari. Ni da ƙafata na je wajen mai unguwa Ilu. Ya ce zai zo ya gani, in abin magana da mutanen daji ne ya kira jandarma.

Magana ta riga shi isowa. Da hantsi ya zo tare da Liman, muka tarar da Tahir a ɗaki, ba akwatin, sai tsohon gilashin kwamfutar a kan teburi.

"Ina akwatin?" in ji Ilu.

"Na watsa shi, ranka ya daɗe," in ji Tahir.

A nan, abin da ba a so a taɓa cikin tattasai ake cusa shi, ba mai son tura hannu. Na dubi buhunan. Maina ƙulli biyu yake yi a bakin ɗinki. Na uku daga bango ƙullinsa ɗaya.

"Ga shi can," na ce.

Tahir ya dube ni, karon farko ido da ido. "Inna, ashe har buhu kike gadi."

"Buhun mijina ne, ba na ubanka ba."

Ilu ya ce, "Mai gaskiya ba ya ɓoyo. Kunna."

Tahir ya zaro akwatin jajir, ya jona wayoyi. Akwai 'yar fanka a bayan akwatin. Tana juyawa ta feso garin tattasai a fuskar Ilu, wanda ya sunkuya yana leƙe. Muka kama tari da atishawa, Ilu yana zagi yana goge ido da bakin rawani. Ta cikin hawaye na ga gilashin ya kawo haske. Wani ɗan mutum ne a kan moto, yana gudu bisa hanya doguwa, babu shinge, babu soja.

"Da wa ake magana a nan?" in ji Ilu.

"Ba kowa. Tsere ne."

Liman ya share hanci. "To, Ilu, ga moto. Sai ka kama shi."

Ilu bai yi dariya ba, amma bai kira kowa ba. Kafin su fita akwatin ya yi ƙara, ya yi wari, ya mutu. Tahir ya buɗe shi, ciki duk garin tattasai, ya daɗe yana kallo.

Bayan kwana uku ya kwashe kayansa zuwa garin Chétimari. Ɗan makullin a hannun Liman ya bar shi. Goggo Aliya ta ce na zalunci maraya, ita da ta zuga ni, tun ranar ba ma gaisawa.

Akwatin yana nan inda ya bar shi. Buhun na sake ɗinke shi da kaina, ƙulli biyu.