Irmiya Sha-Kaye, Mai Ba Zakaru Aron Bayansa

Kafin masu sallar asuba su gama fitowa daga masallaci, Irmiya ya riga ya buɗe tsohon siton shinkafar da ke kallon gidana, inda 'yan judo, kokawar nan ta Japan, suke atisaye a nan Kontagora. Ba su da katifun wasa. Ƙaiƙayin shinkafa aka zuba aka rufe da tamfol, shi kuwa ƙaiƙayi gudu yake yi gefe in an sha faɗuwa a kansa. Don haka kullum sai Irmiya ya yaye tamfol, ya baje ƙaiƙayin da manjagara, ya bi da tafin hannu yana laluben tsakuwa. In samari sun iso, ya sa farar rigarsa mai kauri, ya miƙa musu wuyanta da hannunta, su yi ta ɗaga shi suna maka shi da ƙasa har hantsi. Daga nan ya karkaɗe jiki ya wuce rumfarsa ta facin taya a bakin tasha.

Sama da shekara ashirin yana wannan aiki. Tukwicin da garin nan ya ba shi kuwa suna ne: Sha-kaye.

To yau zan faɗi abin da ke raina, wanda zai ji haushi ya ji. Mu mutanen kokawa ne. A wurinmu namijin da bayansa ya taɓa ƙasa ya zubar da girman gidansu. Da wannan tunanin samarinmu suke shiga judo: kowa yana son ya kayar, babu mai son a kayar da shi. Alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kaye guda mai kyau, irin wanda zai shimfiɗe abokin karawa a bayansa alƙali ya ɗaga hannu wasa ya ƙare nan take, ba ya samuwa sai an maimaita shi sau dubbai a jikin mutum mai rai. Buhun masara ba zai gaya maka inda ka kuskure ba.

Irmiya kuwa yana faɗa. Yana kwance a ƙasa za ka ji shi da Hausarsa ta mutanen Salka yana cewa, "Ƙugunka ya yi sama, lanƙwasa gwiwa." Koci Godspower, tsohon ɗan sandan da ya kawo wasan garin nan, ya taɓa ce mini, "Ni da ido nake ganin kuskure, Irmiya a ƙashinsa yake jin sa."

Ku tambayi Abdulfatahi, wanda yau kuke tafa wa. Daga Ibeto ya zo, ƙato, ɗan wani tsohon ɗan kokawa da har yanzu ake yi wa kirari da cewa ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Ranar farko ya dubi Irmiya sama da ƙasa ya ce, "Baba, ni kayarwa na zo koyo, ba faɗuwa ba."

"To ga ni, kayar," in ji Irmiya.

Ya sunkuce shi ya buga da ƙasa, tim! Irmiya ya tashi yana gyara ɗamara ya ce, "Ƙarfi ne ya kai ni, ba iyawa ba. Ran da ka haɗu da ƙato irinka fa?"

Ya kuwa haɗu da shi a gasar Minna. Ba a kayar da shi ba, amma shi ma ya kasa ɗaga kowa, ya tsaya ya ƙage don tsoron ƙasa har alƙali ya ba abokin karawarsa nasara. Ya dawo yana sunkuyar da kai. Irmiya bai ce masa "ai na gaya maka" ba. Daminar nan kaf ya ba shi jikinsa: yaro ya juya, ya shige ƙarƙashinsa, ya ɗauko shi ta kafaɗa, ya sauke. Daga tsakar gidana nake jin ƙarar, har na daina firgita. Shi kuwa Abdulfatahi a ɓoye ya koyi faɗuwa, shi kaɗai, don bai yarda wani ya ɗaga shi a idon mutane ba.

Da shekara ta zagayo, da wannan kayen kafaɗar ya ciyo lambar zinare a gasar jiha. 'Yan acaba suka tarye shi tun daga bakin gari, ana ta ihu. Irmiya yana can baya da jakar kaya a kai, sai wani mai baki ya ɗaga murya daga rumfar mai shayi, "Sha-kaye, kai ina taka lambar?" Wallahi na so ya ajiye jakar nan ya nuna wa mutumin yadda ƙasar tasha take. Bai yi ba. Ya gyara jakarsa ya wuce, ni kuwa na yini ina tafasa.

Kai ne, Irmiya, wanda ka san hanyar kaucewa kowane kaye, amma ka tsaya don ɗan wani ya iya. Kai ne ka ɗauki abin da maza suke gudu ka mai da shi aikin safiya. Turmi sha daka! Ka ji dariyar gari da kunnenka, gobe kuma ka riga kowa buɗe ƙofa.

Amma a juri zuwa rafi, wata rana tulu zai fashe. Bana ƙugun Irmiya ya ƙi, likita ya ce in ya ƙara faɗuwa sai dai a tura shi a keken guragu. Tun daga nan atisaye ya lalace. Samari su kama juna su yi ta ture-ture kamar raguna, kowa ya ƙage, babu mai ba wani dama ya gwada komai.

Makon jiya aka yi masa taron sallama a siton, iyayen yara suka cika, har da mahaifin Abdulfatahi da ya taso daga Ibeto. Aka ba Irmiya magana. Bai yi godiya mai tsawo ba. Ya dogara sandarsa ya ce, "Abu ɗaya nake tambaya. Wa zai faɗi wa yaran nan? In babu, Koci, ka kulle wurin, don babu sauran zakara da zai fito daga nan."

Samari majiya ƙarfi kowa ya sa ido a ƙasa. Na ji kunya ta kama ni a madadinsu.

Sai Abdulfatahi ya miƙe. Ya kira Nazifi, sabon shiga da bai fi rabin nauyinsa ba, ya miƙa masa wuyan riga. Nazifi ya juya, ya ɗauko shi. Zakaran jiha ya sauka a bayansa, a gaban jama'a, a gaban ubansa.

Mahaifin Abdulfatahi ya tashi. Ya kaɗe rigarsa, ya fita ba sallama.

"Bi shi, ɗana," in ji Irmiya a hankali. "Babu mai ganin laifinka."

Abdulfatahi ya dubi ƙofa, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Zan je gida in ba shi haƙuri, Baba. Amma ba yanzu ba. Nazifi, kama."

A nan ne na ga Irmiya ya juya baya yana share fuska da hannun riga. Ni ma ban ɓoye nawa ba.

Mun gode, Irmiya. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da abin da mu muka kasa. Ku kuma masu baki a tasha, ku buɗe kunne. Abdulfatahi zai tafi sansanin horo kwanan nan, siton zai sake rasa mai faɗuwa. Kun shekara ashirin kuna cewa aikin ragwaye ne. To ga fili ga mai doki. Ba a ce ku kayar da kowa ba. A cikinku wa ke da zuciyar da zai miƙa wa ɗan wani wuyan rigarsa, gari yana kallo?